Ki Taka Tun Da Sauran Ƙarfinki

Hayin Dogo, Samaru, Zariya

Zuwa ga 'yata Saratu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya riƙe mu har ya kawo mu yau. Allah ya kai ki Legas lafiya, ya tsare motar da za ki shiga da direbanta, ya haɗa ki da mutanen kirki a asibitin da ya ɗauke ki aiki, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda za ki yi jinya. Amin.

Za ki yi mamakin in rubuta miki takarda alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. Kin san halina. Na yi shekara da shekaru ina magana a gaban allo ba gargada, amma da na zauna gaban ɗan da na haifa sai maganar ta koma faɗa, ko ta koma tambayar ko an ci abinci. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Labarin gudu ne, wannan gudun na tsofaffi da kike yi mini dariya a kansa, da kurakuran da na tafka a cikinsa tun ina yarinya. Ki karanta da haƙuri, uwata. Sunan mahaifiyata kika ci, ita kuwa ba ta taɓa katse mini magana ba.

A Sabon Gari na tashi, a Unguwar Gabas, cikin wani dogon gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Kakanki ma'aikacin reluwe ne. Ni ke kai masa abincin rana tasha, kuma Inna takan ja mini kunne cewa tuwon ya isa da zafinsa. A nan na koyi gudu, ba wanda ya koya mini. Kwano ɗaure cikin tsohon ɗankwali, ƙafa ba takalmi, in bi ta bayan masu doya, in tsallake kwata, in kama gefen layin dogo. Idan na ji kukan jirgi daga nesa sai in ce wa kaina yau sai na riga shi shiga tasha. Har yanzu in ƙanshin gasasshiyar masara ya haɗu da warin baƙin mai, sai in ji tafin ƙafata yana motsi.

Ɗakin da ke kallon namu na su Ngozi ne, wadda kika sani da Maman Emeka. Babanta kayan keke yake sayarwa. A gidan ta tashi, Hausarta ba ta da maraba da tawa, sai dai ta fi ni iya baƙar magana da ita. Makarantarmu ɗaya, ajinmu ɗaya, kuma da malamar wasanni ta tashi zaɓen waɗanda za su wakilci makaranta a dogon tseren 'yan mata, mu biyu ta ɗauka. Ni ce gwanar. Barewa ake kirana, sunan kuma ya shiga kaina.

Ranar gasar filin ya cika har kan katanga. Kafin a tashe mu malamar ta dafa kafaɗata ta ce in bi ayari tukuna, kada in fito gaba sai an ci rabi. Na ce to. Ana busa usur na ji 'yan unguwarmu sun ɗauki sunana, sai na manta da ita da maganarta. Na ba sauran 'yan matan rata mai yawa, ihu yana ƙaruwa ina ƙara wuta. Can wajen ƙarshe wani abu ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙari, numfashi ya ƙi shiga, ƙafafu suka zama kamar na aro. Da na sassauta na ɗan taka, da ya sake ni, don daga baya na sha ganin yana sakin mutane. Amma a ganina na lokacin, gara a ɗauke ni ranga-ranga da a ga Barewa tana tafiya. Na yi ta tura jiki har na zube a kan ciyawa. Ngozi ta zo wucewa da ɗan gudunta na kullum, ta ce in tashi ko da tafiya ce in ƙarasa. Na juya mata ƙeya. Ita ta zo ta uku, aka ba ta shuɗin bokitin roba wanda duk gidan aka yi shekaru ana ɗiban ruwa da shi, ban da ni, da na gwammace in tari ruwa a tukunya. Masu kiran sunana kuwa, kafin in dawo hayyacina sun koma kiran sunan wata.

A sabon wuri za a yaba miki, domin ke mai aiki ce. Za a ce ba a taɓa samun nas irinki ba, kuma duk wadda ke son hutu za ta tuna da sunanki. Ki yi godiya, amma kada yabo ya zama shi ke auna miki saurinki. Mai tafi a bakin fili, ba da huhunsa ake gudun ba.

Daga ranar ban sake shiga tsere ba. Na ce wa malamar ƙafata ke ciwo, ta dube ni ta ƙyale. Abin da ban sani ba, cikin masu kallo a kan katanga akwai wani siririn saurayi ɗan Chikaji mai suna Dauda. Sai bayan shekaru, muna cikin mawaƙan coci, ya matso bayan an tashi daga koyon waƙa ya tambaye ni ko ni ce yarinyar nan da ta faɗi. Na daɗe ba na amsa gaisuwarsa. Babanku ke nan.

Da muka yi aure aka ba ni koyarwa a Samaru muka dawo nan, shi kuma kullum ya hau kekensa zuwa Chikaji inda yake gyaran injuna a wata masana'anta. Wata Asabar, kafin a haifi yayanki Iliya, ya dawo daga kasuwar Sabon Gari da ƙunshi a bayan keke. Farin takalmin kambas ne, daidai ƙafata. Ashe da zare ya auna silifas ɗina ban sani ba. Ya ce shi ba faɗuwar ya riƙe ba, bai taɓa ganin abu mai kyau kamar zagayen farko da na yi ran nan ba, kuma yana so ya sake gani. Ya ce hanyar ƙauyen Bomo shiru take da sassafe, in yi guduna shi ya biyo ni a keke.

Na yi dariya na ce ya rufa mini asiri. Matar aure, malamar makaranta, a gan ni a titi kamar wadda kare ya biyo? Me iyayen yara za su ce, me matan zumuntar coci za su ce? Ya tambaye ni wa ya ce wani abu. Na ce ai za su ce. Na tura kambas ɗin ƙarƙashin gado. Duk shekara idan ruwa ya ɗauke gari ya yi daɗi sai ya tuna mini cikin wasa, ni kuma in kawo dalili: ciki, goyo, jarrabawar yara, baƙi. Daga baya ya daina tambaya. Ranar da muka tashi daga gidan haya zuwa wannan gidan na jawo takalman, robar ta bushe ta tsattsage. Ya karɓa ya jujjuya su a hannu ya ce, "Kayya, Rifkatu, sun tsufa ba su ga gari ba." Ya ci gaba da ɗaure katifa.

Yanzu ga ni da furfura ina gudu a wannan hanyar, kuma matan zumuntar da na ji tsoro su ne ke tare ni bayan sujada suna tambaya ko za su iya biyo ni. Ba wanda ya taɓa cewa komai. Ni na ƙirƙiro bakunan mutane na zauna ina jin tsoronsu, mutum ɗaya da ya yi magana da gaske kuwa cewa ya yi in fito. Saratu, idan akwai abin da ke faranta miki rai, bai saɓa wa Allah ba, bai cuci kowa ba, kada ki ajiye shi saboda maganar da ba a riga an yi ba. Idan kuma Allah ya ba ki mai ce miki zo mu je, kada ki yi ta ce masa sai baɗi.

Labarin gwiwata kin san rabinsa, tunda ke kika yi jinya. Ritayata da rasuwar babanku sun zo kusa da juna, kin kuma ga yadda na koma: daga kujera sai gado, sai coci ranar Lahadi. Ke kika matsa muka je asibitin Shika, likita ya auna ya ce jini ya hau, suga ma yana kan hanya. Ya rubuta magani ya ce in riƙa motsa jiki. Tafiya ya ce, ina ji da kunnena. Amma kafin mu iso gida yarinyar layin dogo ta farka a cikina. Na sayi takalmi ban gaya miki ba, na riƙa fita bayan kin tafi aikin safe.

Ranar farko na ji daɗi har na yi hawaye. Ƙafa ba ta manta ba. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne gwiwar da ke juya ƙafar ta haura sittin, kuma nauyin da ke kanta ba na da ba ne. Na yi ta gudu kullum, ba ranar hutu, ba ɗumama jiki, ba tsayawa sai numfashi ya ƙare. Gwiwar hagu ta fara magana tun da wuri. Ga rabin da ba ki sani ba. Ranar da kika tarar da ni zaune a ƙasan kicin na kasa tashi, na ce miki santsi ne ya kwashe ni. Ba santsi ba ne. Gwiwar ta daɗe tana kumbura, ina shafa man zafi ina ɗaure ta da tsumma a ƙarƙashin zani, ina gyara tafiyata idan kina gida. Ina gida ɗaya da nas ina ɓoye mata ciwo, don kada ki ce in daina, kuma don kada in ji an ce na tsufa. Abin da ɗan hutu zai warkar ya zama watanni da sanda.

Ke ma haka kike, ina gani. Ki dawo da zazzaɓi ki ce gajiya ce. A can babu ni da zan taɓa goshinki in ƙaryata ki. Ki nemi mutum ɗaya, ko a wurin aiki ko a coci, wanda za ki iya ce wa ba ki da lafiya ba tare da kin rufe da murmushi ba. Ciwo da raɗa yake farawa, kuma a lokacin ya fi jin lallashi.

Ina cikin zaman sandan nan Maman Emeka ta zo duba ni daga Sabon Gari, da ƙullin agushi da busasshen kifi daga rumfarta. Rabon da mu zauna mu yi hira sosai tun zaman makokin babanku. Na lura ta rage ƙiba, fuskarta ta yi wasai, ta hau dakalin ƙofa ba ta dafa bango ba. Da na gaya mata gaskiyar abin da ya sami gwiwar, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce ai ita ma gudu take yi, kuma ta daɗe tana yi. Ita ma likita ne ya tsorata ta, sai wata ma'aikaciyar asibiti mai koya wa masu ciwon gaɓoɓi motsa jiki ta nuna mata yadda masu shekaru irin namu ke yi. Gudu kaɗan, tafiya kaɗan, a sake gudu, a sake tafiya, har a je a dawo. Ba ta ɗaura agogo, da falwayoyin wutar lantarki na bakin titi take aunawa, can wajen Chikaji kafin manyan motoci su fito.

Na taɓe baki na ce wannan ai ba gudu ba ne, ha'inci ne, wanda ya taka a tsakiyar gudu ya faɗi ke nan. Ta dubi sandata, ta dube ni.

"To, ke mai gudun gaskiya ga ki zaune," in ji ta. "Ni mai na ƙarya da ƙafata na zo."

Da gwiwar ta warke likita ya yarda in fara a hankali, ta zo wata Asabar da sassafe muka kama hanyar Bomo. Bari in gaya miki yadda ta koya mini, ki ajiye. Ke ma shekarun za su zo, kafin nan kuma wataƙila ki sami wata tsohuwa mai taurin kai a can ki koya mata. Ba a farawa da gudu. Tafiya ake yi tukuna har jiki ya saki, gumi ya fara tsattsafowa a goshi. Sannan a yi ɗan gudu daga falwaya zuwa ta gabanta, da ƙananan taku, ƙafa kusa da ƙasa, ba tsalle. Sai a taka falwaya biyu, tafiya mai ƙarfi irin ta wadda ta bar tukunya a kan wuta, ba ta yawon kasuwa ba. Sai a sake. Idan ba ki iya amsa magana kina cikin gudun, kin yi sauri; ita takan sa ni rera baiti ɗaya na waƙar coci don ta gane. Yau a fita, gobe a huta. Sai jiki ya yi makonni bai yi ƙorafi ba ake ƙara falwaya ɗaya a gudun. Abin da ta fi nanatawa shi ne, ana takawa ne tun ba a gaji ba. Idan kika jira sai kin gaji, tafiyar ba ta mayar miki da komai, jan ƙafa ne kawai. Idan kika taka da sauran ƙarfinki, numfashi zai dawo, gwiwa ta sarara, gudun da ke gaba ya zo da daɗi kamar na farko.

Wannan shi ya fi ba ni wuya. Jiki yana cewa akwai saura, ga falwaya ta zo, Ngozi ta ce taka. Wata Asabar, bayan mun saba sosai, wasu ɗaliban jami'a suka zo wuce mu cikin kayan wasanni, ɗayansu ya ce sannu Mama, ashe da sauranki. Ban san lokacin da na bi su ba. Na tsallake tafiya ɗaya, na tsallake ta biyu, na bar Ngozi can baya. Ban kai kwanar gonar rake ba gwiwar ta zaunar da ni a kan kwalbati. Yaran ba su ma waiwayo ba. Da 'yan acaɓa muka koma gida, aka sake zaman makonni.

Ban taɓa ganin ran Ngozi ya ɓaci kamar ranar ba. Ba ta yi mini faɗa a hanya ba. Sai da muka shiga gida ta ɗora mini ƙafar a kan matashi, sannan ta ce ita ba tsere ke tashinta da asuba ta shigo mota tun daga Sabon Gari ba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watsu a kudu, cikin yaran gidan hayarmu na da mu biyu muka rage a garin nan.

"Tseren nan an gama shi tun muna yara, Rifkatu," ta ce. "Ni abokiyar tafiya nake nema."

Na ba ta haƙuri. Tun daga ranar idan falwaya ta zo ina takawa, ko da ƙafata tana roƙona. Ke ma ki ɗauki hutunki ranar da aka ba ki, ba ranar da kika faɗi ba. Ki zauna ki ci abinci a tsakiyar aiki ko da kina jin za ki iya wucewa haka. Wanda kuka fito tare kuma, kada ki bar shi a baya don burge wanda gobe ba zai gane fuskarki ba.

Abin mamaki, da wannan gudun da na kira ha'inci nake zuwa nesan da ban taɓa zuwa ba ina budurwa, in dawo in share gida in tafi koyon waƙa. Amma ba don wannan nake sonsa ba. A cikin tafiyar ake ganin gari. Masara ta yi goyo, balbelu suna bin shanu, mata masu tallar nono suna gaishe mu suna rufe baki don dariya. A cikin tafiyar muke hirar mutanen da: Inna da tuwonta, baban Ngozi da ke faci yana waƙa, rigimar layin famfo, gidan hayar da aka rushe aka yi shaguna. Falwaya ta zo mu yi shiru mu ruga, kowa da tunaninta, sai mu taka mu ɗora daga inda muka tsaya. Wani lokaci in keke ya taho ta bayanmu sarƙarsa tana ƙara, ba na saurin waiwayawa. Nakan bar shi ya ɗan bi ni.

Saura maganar da ta sa na ɗauki biro. Asabar da ta wuce kika ba mu mamaki kika biyo mu, karo na farko. Kina baya kina haki kina dariya, Maman Emeka tana tsokanarki. A hanyar dawowa, da ta ɗan yi gaba, kika ce mini kina tunanin sanar da mutanen Legas ba za ki zo ba, wai wa zai kula da ni. Na ce miki ga falwaya ta zo, na ruga. Na san ban amsa miki ba.

Abin da ya hana ni amsawa shi ne ganinki kina gudu. Rabona da ganin haka tun kina firamare, ranar wasannin makarantarmu. Ba na jin kin manta. Ni na sa sunanki a tseren, ba ke kika nema ba. Malamai suna ta cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni kuma ina jin daɗi. Kika kai rabi kika riƙe ciki kika fara tafiya. Na bi gefen fili ina daka miki tsawa kada ki tsaya, kada ki kuskura ki tsaya, a gaban ɗalibaina da iyayensu. Kika dube ni, kika sake rugawa kina kuka, kika ƙarasa ke ce ta ƙarshe, kika je bayan aji kika yi amai. Har muka iso gida ina ɗaure miki fuska. Babanku ne ya ɗora ki a keke ya kai ki kasuwar Samaru ya sayo miki rake. Da ya dawo ya ce mini, a hankali yadda ya saba, yarinyar nan dai ta ƙarasa, abin da wata ba ta yi ba. Na yi kwana biyu ina fushi da shi, domin gaskiya ya faɗa.

Tun daga ranar ban sake ganin kin tsaya ba. Ba a karatu ba, ba a aiki ba, ba a jinyar babanku ba, ba a tawa ba. Mutane suna sa miki albarka ina amsawa da amin, amma nakan ji kamar muryata ce ta bakin filin nan take bin ki har yanzu. Ki yafe mini, uwata. Yarinya ce ta gaji ta taka, kuma daidai ta yi. Ki bar waccan tsawar a nan Samaru, kada ki sa ta cikin kayanki.

Zancen wa zai kula da ni kuwa, ga amsar da na gudar miki. Ina shan maganina a kan lokaci. Na yi miki alkawari a gaban Allah, duk abin da ya yi mini ciwo zan faɗa ranar da ya fara, ko a gare ki ko ga Iliya, kuma Kaduna inda yake ba nisa. Maman Emeka tana kirana kowace safiya, ta ce ranar da ban ɗauka ba za ta kwaso 'yan kasuwa su ɓalle ƙofa, kin kuma san za ta aikata. Kin yi jinyar mutum biyu a gidan nan, ya isa. Ban haife ki don ki zauna gadin hawan jinina ba. Zan yi kewarki, gidan zai yi mini faɗi, wannan ma ciwo ne kuma ga shi na faɗa tun ranar da ya fara. Amma ki haɗa kayanki.

Ranar Litinin zan raka ki har tashar mota ta Kwangila. Idan motar ta tashi kada ki yi ta leƙowa ta taga kina duba ko ina tsaye da kyau. Ki dubi gabanki.

Allah ya kiyaye hanya, ya raba ki da mugun ji da mugun gani. Ya ba ki ɗaki mai iska da maƙwabta masu tsoronsa, ya ba ki barci mai daɗi bayan aiki, ya tashe ki da ƙarfi. Ya riƙe ki a can, ya riƙe ni a nan, ya sa mu gana da alheri lokacin Kirsimeti, cikin sunan Yesu. Amin.

Ki kira ni da kin sauka.

Ni ce mahaifiyarki,
Rifkatu